Harafin da Ke Gadin Zaure

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa Legas ta karɓe ka da alheri, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki da na mutanen da ba ka gama sani ba. Innarku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki biro ba, wannan Innarku za ta ba ka a waya har kunnenka ya yi zafi. Ni wata magana ce ta tokare ni a maƙoshi yau kwana huɗu, na kasa haɗiye ta, na kuma kasa faɗa maka ita a waya. Ka san ni da waya, da na ce "kana lafiya" ka ce "lafiya lau", to zancena ya ƙare.

Na ga wasan da ka ƙera a kwamfuta. Na kuma buga shi da hannuna.

Ranar Talata bayan la'asar na tashi daga zaure na shiga cikin gida ɗauko tabarau, sai na tarar da Innarku a gindin darbejiya, tsohuwar kwamfutar nan da ka bar wa ƙannenka tana kan cinyarta, tana danne-danne tana dariya ita kaɗai. Matar da kullum take cewa ita da kwamfuta sai kallo daga nesa. Tana hango ni ta yi wuf za ta rufe. Ni kuwa ka san halina, abin da aka ɓoye mini shi nake son gani. Na ce ta buɗe.

Fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, ba hoto ko ɗaya, sai haruffa da alamomi a warwatse. Na ce, "Shi ke nan, kun kashe ta. Ko mako biyu bai yi da tafiya ba."

Ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Malam. Gem ne na Yayansu, wanda ya yi tun yana sabon shiga makarantar kwamfuta."

Na ɗauko tabarau na sa, na sunkuya. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina buga tafireta a ofishin ƙaramar hukuma, idona ya san harafin da ya faɗo da kansa da wanda aka ajiye da niyya. Waɗannan ajiye su aka yi. Alamar nan mai kama da shinge an jera ta ta zama katanga. Ga ƙofa, ga ɗan ɗaki a bakin ƙofar, ga fili, ga O a tsakiyarsa. Gidana ne. Zaure ne wannan, O ɗin rijiya ce, ga madafi, ga turken awaki, ga rumbu, ga ɗakinka can a ƙurya. Har inda magini ya karkatar da katangar gabas ba ka manta ba.

Innarku ta nuna mini wani ƙaramin y a bakin ƙofa, ta ce shi ne yaron, da maɓallan kibiya huɗu ake tafiyar da shi. Aikinsa ya shigo daga waje, ya ɗauki abinci a madafi, ya kai ɗakinsa. Na ce, "Shi ke nan wasan?" Ta ce, "In ka kai." Na karɓa na danna. Ashe akwai wani babban B zaune a zaure, ina motsawa ya motsa. Ban yi taku bakwai ba ya cim mini. Komai ya tsaya cak, wani layi ya fito a ƙasa:

"Kai. Daga ina?"

Na sake. Ya kama ni a bakin rijiya, wannan karon ya ce, "Ni a shekarunka ba haka nake ba." Na uku ko zauren ban wuce ba: "Wannan shi ne aikin?" Daga nan aka rubuta mini cewa raina uku sun ƙare.

Na ɗauke yatsana daga kan maɓalli. Ban taɓa jin muryata daga waje ba sai ranar, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Don rashin abin cewa na tambayi Innarku, "Wane ne B?"

Ta ce, "Malam, kununka zai huce."

Abin da ya ƙarasa ni kuwa shi ne da ta karɓa ta buga ina kallo. Ba ta bi ta tsakar gida ba. Ta raɓi katanga, ta laɓe bayan rumbu, ta jira. Can sai wani R ya fito kusa da B, B ya ƙame wuri ɗaya, ita kuwa ta zarce madafi ta ɗauki abinci ta shige ɗaki hankali kwance. Na ce mene ne R. Ta ce rediyo ne, in an fara labarai ai ba na ganin kowa. Haka ta haye mataki huɗu a jere ba a kama ta ko sau ɗaya ba. Kowane mataki B yana ƙara sauri, kuma duk sanda ta kai ɗaki sai a rubuta, "Ka tsira yau."

Na ce, "Ke kuma ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "Hanyar bayan rumbu ai ni na nuna masa. Shekara ashirin da shida ina bin ta."

Ba da fushi ta faɗa ba, ba kuma da gori ba. Kamar mai cewa ruwa ya tafasa. Ta rufe kwamfutar ta tashi ta kawo mini kunun, na shanye ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, fushi na fara yi. Na ce yaron nan ya mayar da ni dodo, ya ɗauke ni ya kai makaranta, malaminsa ya duba ni ya ba shi maki. Na ɗauki waya in kira ka. Ina cikin neman lambarka na ji abin da ke kan harshena, ashe "wannan shi ne aikin" zan fara ce maka. Na ajiye wayar.

Da fushin ya sauka sai tsoro ya hau, shi kuwa bai sauka ba har yanzu. Da na ɗauka aiki ne ya kai ka Legas. Yanzu ina tsoron ko Legas ɗin ita ce hanyar bayan rumbu mafi tsawo da ka samu. Ina tsoron ka riƙa aiko da gaisuwa ta bakin Innarku, in ka zo Sallah ka kwana biyu kana jiran lokacin labarai, har ranar da za a ɗauke ni ba mu taɓa zama mun yi hira ni da kai ba. Saboda haka samu wuri ka zauna ka karanta. Ba faɗa zan yi ba. Laifina zan jera maka, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Bari in fara da "daga ina". Kana aji biyar a firamare aka kai ku gasar lissafi Babura. Innarku ta rantse ta gaya mini da safe, ni kuwa ban ji ba, kuma yanzu na san dalili. Motarku ta lalace a hanya, ba ka shigo ba sai gab da magariba, hannunka ɗaya a baya. Na ce "kai, daga ina", ka buɗe baki, ban jira ba na zari igiyar akuya na tsula maka biyu. Ka wuce ba ka yi kuka ba. Sai bayan shekara guda, ina neman wata takarda a akwatin Innarku, na ci karo da gwangwanin kayan lissafi sabo fil, da takardar shaida a naɗe, kai ka zo na ɗaya. Abin da ke hannunka na baya ke nan. Ba ka taɓa buɗe gwangwanin ba. Na riƙe shi na jujjuya, na mayar, na rufe akwatin, na ce zan yi maka magana. Ban yi ba. Girman kai ne ya hana ni, na raɗa masa suna kawaici.

To ka ji. Duk wanda ya shigo maka, ƙaninka ne ko abokin aiki ko matar da Allah zai ba ka, bar shi ya gama sallama ya zauna kafin ka jefa masa tambaya. Baƙo ma sai ya sha ruwa ake tambayarsa abin da ke tafe da shi. Ka duba hannun mutum kafin ka duba agogo. In kuma ka zalunci wani ka gane daga baya, ka nemi afuwa a ranar da ka gane, don duk kwanan da ka ƙara bakin ƙara nauyi yake yi. Nawa ya yi shekara goma sha uku a rufe. Ka yafe mini dukan nan.

"Ni a shekarunka" kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma gara ka ji daga bakina. Ni a shekarunka y ne, wanda ma ya fi naka ƙanƙanta. Kakanka a Gwiwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafi, ya fi ni nesa ba kusa ba. In ya yi gyaran murya a ƙofar gida ko kaji watsewa suke yi. Ni ta katangar baya nake haurawa in dira a gonar maƙwabci. Tabon nan na ƙwaurina na hagu da na ce maka faɗuwar keke ce, katangar ce ta ba ni shi. Noma ban iya ba, in na yi huɗa sai an bi bayana an sake. Jarrabawar buga tafireta sau biyu na faɗi kafin in ci. Da na samu aiki a Roni murna na yi har da rawa, ba don aikin ba, don na samu inda muryarsa ba ta kaiwa.

Roni da Gwiwa ba wata tafiya ba ce a kan babur, amma sai in yi wata huɗu ban je ba. In na je in gaishe shi daga tsugune, ya ce "ka zo", in ce "na zo", in zame wajen mahaifiyata. Wata damina aka aiko mini cewa ba shi da lafiya, yana nemana. Na ce sai Juma'a, akwai takardu a gabana. Ba takardu suka riƙe ni ba. Zama na yi ina saƙa me na yi masa kuma, wane faɗa ne ke jirana. Ranar Alhamis da hantsi aka sake aikowa. Na hau babur, na tarar ana dawowa daga maƙabarta. Mahaifiyata ta ce tun Litinin yake tambaya ko na iso, in ya ji ƙarar babur sai ya ce a leƙa. Na ce mata me yake son gaya mini. Ta ce bai faɗa wa kowa ba, ni yake jira.

Har gobe ban san mene ne ba. A ranar na yi rantsuwa cewa ɗana ba zai taɓa haura katanga saboda ni ba. Ka ga dai yadda na cika alkawari.

Abin da nake so ka ɗauka a nan, guje wa mutum ƙwarewa ce, kai kuma ka ƙware, na ga shaida da idona. Amma ƙwarewa ce mai cin mai ita. A wurin aikinka za ka samu shugaba mai zafi, babu inda babu su. Kada ka zana masa taswira a kanka ka riƙa jiran ya shagala ka wuce. In ka yi kuskure je ka same shi ka faɗa da bakinka tun bai gano ba. In ya takura maka, bari ya huce ka gaya masa cikin ladabi. Wataƙila ya ji, wataƙila ya ƙi, amma dai ka tsaya a gabansa. In kuma aka taɓa aiko maka cewa wani yana nemanka, ko ni ne ko wanda ka fi jin haushi a duniya, kada ka ce sai Juma'a.

Na ukun ya fi yi mini ciwo, don shi ne na kusa. Ranar Laraba da safe Innarku ta ga na kasa fita zaure, sai ta ɗauko mini littafinka mai shuɗin bango, wanda kake rubuta umarnin kwamfuta a ciki da biro in babu wuta, in an kawo wutar ka juye a kwamfuta. Ta ajiye mini ta tafi aikinta. Turancin kwamfutar ban gane ba, duk baka ne da ɗigo da waƙafi. Amma ashe da Hausa kake fara tsara abin da kake so ya faru, sannan ka mayar da shi yaren da na'urar take ji. Shafin farko ba gida ba ne, gonar gyaɗa ce. Babu B. Akuya ce, babban A, yaro yana tsintar gyaɗa tana binsa ta tunkuye shi.

Sai na tuna ranar. Ka kawo mini kwamfutar har zaure, abin da ba ka taɓa yi ba. Ka durƙusa ka ce, "Baba, ga abin da na fara yi." Na leƙa na ga harafi yana bin harafi. Na ce wata shida kana sintirin makaranta, ga mutane can a waya suna buga wasa mai motoci kamar ka taɓa su, kai kuma ka kawo mini A tana bin y? Wannan shi ne aikin? Na ƙara da cewa tafiretata da ko wuta ba ta buƙata ta fi wannan amfani. Ka ce "to Baba", ka rufe, ka tashi. A littafin, shafin da ke biye, an soke akuya da layi biyu. An zana gidanmu.

A ƙarƙashin zanen ka rubuta yadda B zai riƙa tafiya. Idan y ya yi hagu, B ya yi hagu. Idan ya yi dama, B ya yi dama. Idan R ya fito, B ya tsaya. Na karanta na sake karantawa, bakina a buɗe. Na haura sittin a duniya ina ganin kaina mutum mai zurfi, mai wuyar sha'ani, ashe layi uku ne ni, kuma babu na ƙarya a cikinsu.

Bari in gaya maka inda na samo wannan idon. Zamanin da na fara aiki takarda huɗu muke haɗawa da kabon a tsakani. Harafi ɗaya ka kuskure, huɗun sun lalace. Shugabanmu na lokacin ba ya karanta wasiƙa don ya ji abin da ta ce, kuskure yake farauta, in ya samu ya keta a gabanka ya zuba maka a tebur. Na tsane shi, na kuma zama shi. Da na zama babba a ɗakin buga takardu aka kawo mini wata mata koyo. Mako uku ta yi ta daina zuwa, na ce raguwa ce. Yanzu da na tuna, ban taɓa ce mata ko layi ɗaya ya yi kyau ba. Idon nan na dawo da shi gida na ajiye a zaure. Shekara talatin ina neman abin da bai yi daidai ba, har na manta yadda ake ganin wanda ya yi.

Kai kuwa littafinka cike yake da kuskure, kuma ba ka ɓoye ko ɗaya ba. "y yana ratsa katanga, a gyara." "Abinci ba ya ƙarewa." "B ya fita daga gida bai dawo ba." Wannan ta ba ni dariya duk da halin da nake ciki. Kowanne ka rubuta dalilinsa da yadda ka gyara shi, wani ya cinye maka shafi uku. Ashe sana'ar taku haka take, a gwada, ta ƙi, a duba, a gyara, a sake gwadawa, babu mai keta wa wani takarda. Da haka aka koya mini aiki da na fi haka daɗin zama.

Saboda haka riƙe wannan halin da hannu biyu, ya fi takardar shaidarka daraja. Kada manyan Legas masu manyan manhajoji su sa ka ji kunyar cewa da harafi yana bin harafi ka fara. Wanda ya iya zuba gida guda da mutanen cikinsa a 'yan haruffa ya iya kallo, kuma kallon shi ne rabin aikin. Wata rana wani sabon shiga zai kawo maka nasa ɗan abin. Kafin ka nuna masa inda ya karkace, ka ce ya nuna maka yadda ake bugawa, ka buga ko sau ɗaya ne. Minti biyu ne kawai. Ni na hana ka minti biyun nan, ga abin da na girba.

Saura shafin ƙarshe. A kwamfuta wasan mataki huɗu ne, in an gama sai ya koma farko. A littafi kuwa akwai na biyar. Ka rubuta: "Mataki na biyar. B ya daina bi. y ya zo zaure da kansa ya tsaya a gabansa. B zai ce:" Daga nan sai fili. An fara rubuta wani abu an soke, an sake an soke, har biro ya huda takardar. Na ɗaga ta a hasken rana ko zan gane, ban gane ba. A gefe ka rubuta wa kanka tunatarwa cewa kada maganar ta wuce harafi arba'in, don ta shiga layi ɗaya. Malaminka ya sa da jan biro, "Aiki ya yi kyau. Ina ƙarshen wasan?" Kai kuma a ƙasa, da ƙaramin rubutu: "Ban san abin da zai ce ba, Malam."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rufe littafin na zauna, har aka kira azahar ban motsa ba. Shekara ashirin da biyar a gida ɗaya. Ka haddace takuna, ka san sanda zan juya hagu da sanda zan juya dama, amma ka nemi kalma ɗaya mai daɗi da za ta dace da bakina ka rasa. Ba laifinka ba ne. Wani da ya ƙirƙiro wani abu ya cike wurin don malami ya ƙara masa maki. Kai ka bar shi fili, kuma gaskiyarka.

Ina da uzurin da na daɗe ina fakewa da shi. Kai ne na fari, mu kuma a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban idonsa, ba a jansa a jiki. Alkunya ce, haka muka gada, kuma ban ce al'adar banza ba ce. Innarku ma ba ta kiran sunanka, Yayansu take cewa. Amma ita alkunyarta ba ta hana ta ware maka tsokar da ta fi girma ba, ba ta hana ta zama ta koyi wasanka don kawai kai ka yi shi ba. Ni rabin al'adar na ɗauka, wanda ya yi mini sauƙi. Na ji kunyar yabonka, ban ji kunyar yi maka tsawa ba. In Allah ya ba ka ɗa, yi masa alkunya in kana so, amma ka tabbata yaron ya san akwai abin da ake jin kunyar faɗa masa.

Ban ce ka cire B ba. Bar shi da maganganunsa, ƙannenka su buga su yi dariya, Innarku ta ci gaba da cinye ni. Abu ɗaya nake roƙo, ka ƙarasa mataki na biyar. Abin da mutum ya fara ya ƙarasa shi, wannan ma ka sa cikin nasihar. Kwana biyu ina rubutu ina sokewa a bayan tsohuwar kalanda, ni da na buga wasiƙun ofis ba adadi ban taɓa tsayawa neman kalma ba. Duk abin da na rubuta sai ya zarce arba'in, ko ya rikiɗe ya koma wa'azi. Ga wanda ya rage. Na ƙirga da yatsa, har da filin da ke tsakanin kalmomi, ya shiga:

Nuhu, sannu da zuwa. Zo ka zauna.

Talatin da uku ne. Akwai sauran wuri, amma abin da ya rage ba na kwamfuta ba ne, sai ka zo. Ban da takardun makaranta, yau ne na fara rubuta sunanka. Za ka ga harafin farko ya karkace. Na bar shi haka.

Allah ya tsare ka a zaune da a tafe, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka a aikin hannunka, ya kiyaye maka sallarka da lafiyarka da mutuncinka. Ya raba ka da halina na banza, ya bar maka na kirkin in ka samu. Ya kuma dawo mini da kai ina da rai, ina da bakin da zan faɗa maka layin nan da muryata. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Kazaure